Ambaliyar Haɗejiya da jadawalinta take zuwa

A watan Afrilu babu mai maganar ambaliya a Haɗejiya. Maganar zafi ake yi. Da rana ta take, ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kasuwa ta lafa tsakanin azahar da la'asar, da dare kuma mutane su fito da tabarmi tsakar gida saboda ɗaki ba ya kwantuwa. Ma'aikatan lafiya na gargaɗi kan sanƙarau, mai garuwa na cin kasuwarsa, manomi na ta kallon gabas ko zai hango hadari. Kogin da ya bi ta kudancin garin ya ja baya, ya bar yashi da ciyawa a gaɓarsa. Baƙon da ya tsaya a bakinsa a irin wannan lokaci da wuya ya yarda cewa nan da wata biyar matasan garin za su iya kwana a wurin suna cika buhuna da ƙasa, suna ɗaga jinga, don kada ruwa ya shiga unguwanni.

Amma a waɗannan watanni na bazara ne ake yanke hukuncin abin da zai faru a Satumba. Damina a kwarin Haɗejiya ba ta zuwa ba zato ba tsammani. An san lokacin da take farawa, an san watan da take ƙarfi, an san inda ruwan kogin yake fitowa da hanyar da yake bi. Abin da ya rage shi ne hukumomi su daidaita aikinsu da wannan jadawali, maimakon su riƙa isowa da buhunan shinkafa da katifu bayan ruwa ya gama ɓarna.

Shekarar wannan yanki a fayyace take. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, lokacin da zafi ya fi tsanani. Ruwan fari kan zo a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa da iska mai yaye rufi, kuma yakan yaudari mai gaggawa: a yi shuka, sama ta ɗauke na mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, a sake neman iri. Sai cikin Yuli damina ke zama sosai, Agusta kuma shi ne watan marka. Zuwa ƙarshen Satumba ruwan ya fara ja da baya, Oktoba ta zo da wani ɗan zafi mai gumi kafin hunturu ya sauko a Nuwamba. Abin da ke sauka a Haɗejiya a shekara bai wuce milimita 600 ba a matsakaici, wata shekarar ya haura, wata ya gaza, kuma kusan dukkansa a cikin wata huɗu yake zuba. Ruwan da rana da iska ke iya busarwa a shekara ya ninka wannan fiye da sau biyu. A lissafin ruwan sama kaɗai, Haɗejiya ƙasar ƙarancin ruwa ce.

Dalilin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Iska biyu ke musayar sararin Afirka ta Yamma: mai damshi da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke saukowa daga Sahara. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa a hankali daga farkon shekara, ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta, sannan ta koma kudu da sauri. Muddin Haɗejiya na ƙarƙashin iskar teku, akwai damina. Shi ya sa Jos ke samun ruwa tun Afrilu, Kano ta biyo baya, Haɗejiya da Nguru su samu a makare kuma su riga kowa rasa shi.

To, ta yaya ƙasar da ruwan samanta bai kai na Kano ba ta zama wurin da aka fi jin labarin ambaliya a Jigawa? Amsar tana can sama da kogin. Kogin Haɗejiya haɗakar Kogin Kano ne da Kogin Challawa, waɗanda ke haɗuwa kafin Wudil. Dukkansu suna tattaro ruwansu ne daga ƙasashen kudu da yammacin Kano, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasa kuma take da dutse a ƙarƙashi, ba ta shan ruwa da yawa, sai ta miƙa shi ga rafuka. Daga Wudil zuwa gabas labari ya canza. Kogin ya bar ƙasar dutse ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar yashi ta kwarin Tafkin Chadi, inda gangare ya yi ƙaranci ƙwarai. Ruwan ya rage gudu, ya fara zubar da yashin da ya ɗauko, ya bi ta Ringim da Taura da Miga da Auyo yana neman hanya tsakanin tsofaffin jigayi. A wajen Haɗejiya ya rarrabu: akwai reshen Kafin Hausa da ya balle tun daga sama, akwai tsohon kogin Haɗejiya, akwai Burum Gana, akwai mashigar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru. Can kusa da Gashuwa abin da ya saura ya haɗu da Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Kogin Yobe.

Ma'anar wannan ita ce, ruwan da ke cin gonar shinkafa a Auyo ko Kiri Kasamma ko Guri yawanci ba a can ya sauka ba. Ya zuba ne a wajen Rano ko Tudun Wada ko Ƙaraye kwanaki da dama kafin nan. Shi ya sa kogin ke kai maƙura a Haɗejiya daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wani lokaci rana na haskawa, sama tas, amma ruwa na ƙaruwa a bakin gari. Mutumin da ya dogara da kallon hadarin da ke kansa ba zai ga abin da ke tafe ba. Wanda ke da ma'aunin ruwa a gadar Wudil kuwa yana ganinsa tun da sauran lokaci.

Ya kamata a tuna cewa wannan malala ba a matsayin masifa kakannin mutanen yankin suka san ta ba. Ita ce arzikinsu. Ruwan da ya bazu a fadama shi ke shayar da shinkafar damina, shi ke ba kifi wurin hayayyafa, kasuwar kifi ta Haɗejiya kuma ba a banza ta yi suna ba. Idan ya janye a kaka, ya bar danshi da sabuwar ƙasa a shuka wake da sauran amfanin bayan ruwa, ya bar ciyawa ga makiyayan da ke sauko da shanu a rani, ya kuma cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin ƙauyukan nesa da kogi ke sha. Tsuntsaye ma daga Turai suke ƙetare Sahara su yi hunturu a nan, dalilin da ya sa aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, dausayin Baturiya kuma a 2008. Tsoron manomin wancan zamani shi ne shekarar da ruwan bai zo ba, kamar farin 1973 da na 1984.

A tsakiyar wancan fari na farko aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ta Challawa da ke Ƙaraye ta biyo baya a 1992, tana ɗaukar abin da bai kai biliyan ɗaya ba. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke isa Haɗejiya, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su. Babu mai musun amfaninsu. Birnin Kano na sha daga gare su, noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure a kansu ya dogara, haka ma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da gyaransa a Janairun 2023. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Malalar damina ta ragu, fadamar da ruwa ke kwanta wa ta tsuke, kuma tun a shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin da ya nuna cewa ruwan da aka bari ya kwanta a fadamar Haɗejiya da Nguru ya fi kawo amfani, idan aka haɗa noma da su da itace, a kan kwatankwacinsa da aka karkata zuwa manyan ayyukan ban-ruwa na sama. Ba a ga alamar wannan lissafi ya sauya yadda ake rabon ruwan ba.

Sauyin da ya fi cutarwa kuwa a rani ya auku. A da kogin kan ƙafe na watanni, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa, ruwan farko na damina ya zo da ƙarfi ya share hanya. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara, kaɗan-kaɗan, marar zurfi, marar gudu. Babu abin da ciyawar kacala ke so kamar wannan. Ta cika mashigai, ta tare yashi, yashin ya ɗaga ƙasan kogi, kacalar ta ƙara samun wurin zama. Wasu rassan suka toshe kusan gaba ɗaya, ruwan ya karkata zuwa Marma, inda gonaki da dama suka zama tafki na dindindin, alhali ƙauyukan da ke kan rassan da suka mutu suna kukan rashin ruwa. Kacalar ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, ta zama gidan sauro, ta hana kwale-kwale wucewa. Kogin da hanyarsa ta cike haka ba ya buƙatar daminar da ta wuce misali kafin ya yi ambaliya. Matsakaiciya ma ta ishe shi.

Tarihin shekarun baya-bayan nan ya tabbatar da haka. An yi babbar ambaliya a Kano da Jigawa a 2001. A Satumbar 2010 an sake yi, har ta jawo musayar zargi: jami'an Jigawa suka ce an saki ruwan Tiga da Challawa, masu kula da madatsun suka ce sun cika ne suka tumbatsa da kansu. An yi a 2018, an yi a 2020 lokacin da mutanen Haɗejiya suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suna tare ruwa da buhunan ƙasa. A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jikinsu. A 2024 ma ruwan Agusta ya rushe gidaje ya cinye gonaki a jihar, makonni kaɗan kafin madatsar Alau ta ɓalle ta shafe wani sashe na Maiduguri. Duk waɗannan a tsakanin Agusta da Satumba suka faru. Abin da ke dawowa a watanni guda, a ƙauyuka guda, ya wuce a kira shi tsautsayi.

Wannan musayar zargi ta 2010 tana da darasi, domin har yanzu ba ta ƙare ba. Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai a ji ana cewa an buɗe dam, wasu su ce ba a buɗe ba. Ga manomin da shinkafarsa ta nutse, bambancin ba shi da yawa. Abin da yake buƙata shi ne ya san tun da wuri cewa Tiga ta kusa cika. Wannan bayani yana hannun hukuma kowace rana. Babu dalilin da zai hana a riƙa sanar da matakin ruwan Tiga da Challawa, da tsayin kogi a Wudil da Ringim, a gidajen rediyo da Hausa kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Hakimai da dagatai da limamai na masarautar Haɗejiya, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas, za su iya isar da saƙon inda rediyo bai kai ba. Kwana uku na gargaɗi sun isa a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a fitar da tsofaffi da yara kafin hanya ta yanke.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi, wato yadda ake sarrafa madatsun kansu. Madatsar da ta shiga Agusta a cike ba ta da inda za ta ajiye ruwan marka. Idan hasashen shekara ya nuna damina mai ƙarfi, hankali zai ba da cewa a rage ruwan a hankali tun Yuni da Yuli, lokacin da kogin ke da sarari. Masu kula da madatsun suna da nasu tsoron, kuma ba na wasa ba ne: idan aka rage ruwa sannan damina ta gaza, Kano za ta rasa na sha, manoman rani su rasa na ban-ruwa. Amma wannan awo ne da ya kamata a yi shi a fili, da wakilan mutanen da ke ƙasan kogi a zaune. Tun 2006 jihohi shida da ke cin moriyar wannan kwari, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa mai hedikwata a Damaturu domin irin wannan aiki. Wurin zaman yana nan, ko da ba a cika jin motsinsa ba.

Hasashen ma yana nan. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran ruwa zai zauna da kuma tsawon damina a kowane yanki. Hukumar NIHSA mai lura da koguna kan biyo baya da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, kuma sunayen na gaɓar Kogin Haɗejiya ba sa ɓacewa daga ciki. Matsalar ita ce takardun kan tsaya a taron ƙaddamarwa na Abuja. Manomin Kafin Hausa da ke tunanin ko ya yi binne ko ya jira bai taɓa ganinsu ba.

Buƙatar ta ƙara tsananta saboda daminar kanta tana sauya hali. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwa ya dawo yankin Sahel, amma ba yadda ya tafi ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwan mako biyu kan zuba a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Irin wannan ruwa ba ya jiƙa ƙasa yadda ya kamata, gudu yake yi zuwa kogi, kuma shi ne ke narkar da katangar gidan ƙasa ko da kogin bai iso ba. Bazarar ma tana ƙara zafi. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, arewacin Najeriya kuma ya sha nasa rabon na wannan zafi. Ga yankin da gwamnati ta zaɓa ta ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a Nuwambar 2023, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin alkama sanyin hunturu take so. Wanda ya makara da shuka, zafin Maris ya riske ta tana cika ido, ya yi asara. Kuma abin da ke sa manomin fadama makara sau da yawa shi ne ruwan ambaliya da ya ƙi janyewa daga gonarsa saboda mashigar ta toshe. Asarar damina kenan ta haifi asarar rani.

Gwamnatin Jigawa ta taɓuka wani abu, kuma ya dace a faɗa. Bayan ɓarnar shekarun baya ta sayi injinan yasa masu aiki a cikin ruwa, ta shiga share kacala da ɗaga jinga a wasu wurare, al'ummomin gaɓar kogi kuma sun daɗe suna aikin gayya da lauje da kwale-kwale. Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ba ya buƙatar a ba shi labarin kogin. Sai dai kacala ba a gama da ita a shekara ɗaya. Inda aka share bana, baɗi za ta dawo muddin ruwa marar gudu na kwance a wurin. Aikin yana buƙatar kasafi na kowace shekara da za a saki kuɗinsa a Janairu, ba a Yuli ba, domin injin yasa da motar ƙasa a rani suke iya aiki. Yana kuma buƙatar a sake duba shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa, ta barin wasu rassan kogin su bushe na ɗan lokaci a rani, sannan a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin da aka tsara don ya wanke hanya. Jinga ita kaɗai ba ta kashe ruwa, tura shi take yi. Wadda ta kare wani gari tana iya jefa ƙauyen da ke ƙetare cikin ruwa, don haka bai kamata kowace al'umma ta ɗaga tata ba tare da an dubi kogin gaba ɗaya ba.

Jama'a ma suna da nasu laifin, ko da faɗarsa ba ta da daɗi. Shekarun fari sun sa an manta iyakar ruwa. An yanka filaye a kwari, an gina gidaje a inda tsofaffi suka san hanyar ruwa ce, an cike kududdufan da ke shanye ruwan gari da shara, magudanai kuma sun cika da leda. Ƙananan hukumomi da masu unguwanni da suka sa hannu a takardun waɗannan filaye sun san abin da suka yi. Tayar da mutum daga gidansa abu ne mai wuya, kuma ba ya yiwuwa sai an ba shi wani wurin a tudu. Hana sabon gini a hanyar ruwa kuwa sa hannu ɗaya ne.

A ɓangaren noma akwai abin da za a iya yi ba tare da jiran manyan kwangiloli ba. Tun 2017 Najeriya ta amince da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka samar domin su jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu. Ba za su ceci gonar da ruwa ya kwanta wa wata guda ba, amma a gefen fadama, inda ruwan ke hawa ya sauka cikin kwanaki, su ne bambancin girbi da hannu rabbana. Irin da aka raba a Agusta a matsayin tallafi ba shi da amfani a wannan daminar. A Mayu manomin Auyo da Guri ke buƙatar ganinsa a kasuwa, a farashin da zai iya saya, kafin ruwan fari ya sauka.